Ruwan Jegon Da Na Bari A Kan Wuta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da kika koya mini, a durƙushe, sai dai ki yi haƙuri, gwiwar yanzu ba ta kaiwa ƙasa sai na dafa bango. Ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, makwancinki da yalwa da sanyi. Mu nan Birnin Gwari muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ya ƙaru. Mangwaronki na tsakar gida ya yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye. Surukinki Malam yana nan lafiya, ya ƙara furfura, ya ƙara gardama.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce wane irin sakarci ne mutum ya rubuta wa wanda ya rasu wasiƙa, balle ke da ko da ranki sai an karanta miki. To ga dalili. 'Yan mata ne suka dame ni a shafina, kullum saƙo ɗaya: “Sista Habiba, na samu gurbi a makarantar koyon jinya, in je ko kar in je? Aikin ya kai wahalarsa?” Sai in rubuta amsa in goge, in sake rubutawa in goge. Daga baya na ga ai ke ya kamata in ba wa amsar, tunda ke kika ɗauki rabin wahalar ba tare da kin taɓa riƙe allura ba. Su kuma su laɓe a bayan ƙofa su ji, yadda nakan yi in kuna hira da Gwaggo Lami.

Kin tuna ranar da na fara sa farar riga? Kika zagaya ni kina tofa addu'a, kika ce na yi kama da balbela. Ba ki san balbelar nan ta bar zaman gida ke nan ba.

Tun daga ranar sunana ya ɓace a garin nan. Mai nama ya ce Sista, limamin unguwa ya ce Sista, Malam da ya biya sadakina da guminsa, in ransa ya ɓaci, shi ma Sista. Duk wannan bai dame ni ba. Wanda ya ci mini rai shi ne na Rakiya, 'yar farina. Eh, Inna, na faɗi sunan, har na rubuta shi duniya ta gani. Kunyar 'yar fari ta yi mini rana shekara da shekaru. In na wuce ta tana miƙo hannu ban ɗauke ta ba, sai mata su ce kai, Habiba akwai kunya. Wallahi ba kunya ba ce, makara na yi, ana jirana a ɗakin haihuwa.

Ke kika yaye ta, kuma daga yaye kika zarce da riƙo. Da bakinta ya buɗe ta ce miki Inna, ni kuma ta saurari abin da gari ke cewa ta ce mini Sista. Muka yi ta dariya a lokacin. Ta girma, dariyar ta ƙare, sunan bai ƙare ba.

Ina ganinta har yanzu a bakin zaure, ta damƙe gefen rigata da hannu mai maiƙon ƙosai, tana kuka. Ke kuma ki ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kina cewa, “Yi shiru, aronta aka yi, za a dawo mana da ita.” Kullum maganarki ke nan. Ranar saukarta ta Alƙur'ani kin faɗa. Ranar da ƙyanda ta kwantar da ita kin faɗa. Ni dai in na ji sai in ƙara sauri, don kar in juyo.

Ko ranar da nake gida ma ba na gida. Ba ki ga bikin Rakiya ba, Allah bai nufa ba, amma da kin sha dariya. Uwar amarya ce fa, na ci ado, na kafa ɗauri. Ban gama zama ba wata tsohuwa daga dangin ango ta matso ta ce, “Sista, tunda Allah ya haɗa mu,” ta gwale mini idonta. Wata ta ɗora mini ƙafarta mai kumburi a cinya, a kan sabon leshi. Kafin a kawo abinci an yi layi har bakin rijiya. Hoton bikin nan yana nan a bango: amarya a tsakiya ta sunkuyar da kai, ƙawaye sun kewaye ta, ni kuma can gefe ina leƙa maƙogwaron wata baiwar Allah da fitilar waya.

Kada ki ce ban samu komai ba. Na samu takwarori. Daga nan har Randagi, in mace aka haifa a hannuna Habiba, in namiji ne Habibu. In na shiga ƙauye na ji an ƙwala kiran Habiba na waiwaya, sai in ga wata 'yar mitsitsiya da majina ta riga ni amsawa. Kuma kin san takwara ba a banza take ba. Sallah ta zo su zo, aure ya tashi su zo. Rabin kwanukan ɗakina suna ɗakunan Habibobi.

Shekarun da hanya ta ɓaci, da mutanen daji suka hana kowa sakat, abokan aiki suka yi ta neman canji ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, kowa da ransa. Muka rage 'yan kaɗan, cikinmu har da aminiyata Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, wadda kike ajiye wa ƙanzon tuwo. Abin da muka gani a lokacin ba na wasiƙa ba ne. Bayana ya tafi a nan, barcina ya tafi a nan. Har yau in babur ya tsaya da ƙarfi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, ko da mai kawo burodi ne.

Ranar da kika cika ina riƙe da hannunki, mutane suka yi ta yaba mini. Ba su san bugun jininki nake bi ba. Yatsuna sun saba, sun tafi wurin da kansu. Sai da aka fita da ke na tuna hannun uwata ne na riƙe.

To yanzu ga labarin da ya sa na zauna ina latsa waya da yatsa ɗaya.

Rakiya tana aure a Zariya, mijin malamin makaranta ne, yaro mai hankali. Da cikinta ya tsufa ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, “Sista, mun yi shawara, in Allah ya sauke ni lafiya gidan Gwaggo Lami zan zo wanka.” Gwaggo Lami dai taki, yayar Malam, wadda gidanta ke bayan namu. Wato 'yar farina za ta zo garin nan da jaririnta, ta wuce ƙofar gidan uwarta, ta shiga gidan wata ta yi arba'in. Inna, na sha ganin abin tashin hankali ban zauna ba, amma ranar sai da na nemi kujera.

Na ce saboda me? Ta ce, “Ke ai ba ki da lokaci. Kuma ba ke kike gaya wa mata wankan jego kisa ne ba?”

Ta kama ni a nan. Shekara da shekaru, duk ranar awo, ina tsayawa gaban masu ciki ina cewa ruwan da zai tuge gashin kaza ba na jikin ɗan Adam ba ne, kunun kanwa kuma kumbura zuciya yake yi. Na faɗa, kuma ko a gabanki ban janye ba. Amma ban taɓa cewa kar 'ya ta zo gidan uwarta ba. Na roƙi yarinyar nan, Inna. Ni da nake daka wa manyan maza tsawa su juya a yi musu allura, na dinga lallashi kamar mai neman rance. Can ta ce, “To zan zo. Amma duk ranar da kika fita kika bar ni da ruwa a kan wuta, Gwaggo za ta zo ta ɗauke ni, kuma ba zan ƙara jira ba.” Na ce na yarda. Muryarta ba faɗa a ciki, shi ya fi ba ni tsoro.

Da na je neman hutu, shugabarmu ta ɗago ta dube ni, ta miƙo hannu ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Rifkatu ce ta ce za ta ɗauki nauyin aikina. Ta raka ni har bakin ƙofa ta ce, “Habiba, in na ga ko inuwarki a asibitin nan, da tsintsiya zan kore ki, Allah na gani.”

Rakiya ta sauka lafiya, mace. Na je suna, kuma ki faɗa wa maƙwabtanki na can su taya ki mamaki: tun ana gobe na isa. Da aka raɗa suna aka ce Hajara. Ke ce, Inna. Kin dawo da ƙaramin hanci da babbar murya, kuma tun a motar dawowa kika yi mini fitsari a cinya. Ba damar in yi faɗa, uwata ce.

Sai wanka. A nan asirina ya tonu. Ni da na karɓi haihuwar rabin ƙaramar hukuma, ban taɓa yi wa mai jego wanka ba. Nawa ke kika yi mini, shi ma ban cika arba'in ba na gudu aiki kina bina da faɗa. Ranar farko na hura wuta da itacen da mijinta ya aiko, hayaƙi ya cika unguwa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ɗora tukunya, na zuba ganyen darbejiya, sannan na ɗauko ma'aunin zafi na tsoma a ruwan. Ina cikin dubawa na ji salati a bayana. Gwaggo Lami ce, ta zo duba aiki. Ta tsoma yatsa ta ce, “Wannan na alwala ne ko na wanka? Habiba, jikin yarinyar za ki gasa ko shayi za ki haɗa mata?”

Tun daga ranar ba ta fasa zuwa ba. Da sassafe tana nan, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta zuba mini ido. In na juya ta tura itace, in ta juya in zare. In na dama kunun tsamiya ta ɗanɗana ta ce wannan ai na masu azumi ne. Sau ɗaya na kama ta tana kwance kanwa daga bakin zaninta a kan kofin Rakiya. Muka tsaya muna kallon juna, ni da ludayi ita da kanwa. Ta ce, “Da wannan aka yi jegon mijinki, ga shi nan da ransa.” Na ce, Gwaggo, shi aka haifa, ba shi ya sha ba. Ta mayar da kanwarta ta ƙulle, amma ta ce Allah ya isa tsakaninta da boko.

Ni ma ba gwana ba ce. Ranar farko da na tsoma ganye na fyaɗa, a ido na sami Rakiya. Ta ce, “Sista, wanka kike mini ko duka?” Gwaggo ta yi dariya har da tari.

Masu ciwo kuwa ba su san wani abu wai shi hutu ba. A wurinsu hutu na nufin yanzu Sista tana gida, ba layi, ba kati. Sai na naɗa Malam mai gadin zaure. Ya zauna da rediyonsa, duk wanda ya yi sallama ya ce, “Sista ta yi tafiya,” alhali ana jin muryata a ciki ina faɗa da Gwaggo a kan itace. Da abin ya yi masa daɗi sai ya fara ba da shawara da kansa. Na ji shi da kunnena yana ce wa wani dattijo ya rage gishiri ya riƙa tattaki. Abin haushin, daidai ya faɗa. Ashe duk shekarun nan yana saurare.

A hankali hannuna ya faɗa. Kuma a bayan ɗakin nan, cikin tururi, yarinyar ta fara yi mini hira, kaɗan-kaɗan, bayanta a gare ni. Wata safiya ina cuɗa mata baya na ga tabo a ƙasan kafaɗarta, dogo, da alamar ɗinki. Na ce wannan fa? Ta ce, “Daga mangwaro na faɗo ina aji uku. Inna ta kai ni asibitinku, Anti Rifkatu ta ɗinke. Kina ɗakin haihuwa, Inna ta ce kar a ɗaga miki hankali.” Inna, ashe haka kuka yi mini ke da Rifkatu? Bango ɗaya ne tsakanina da 'yata ana ɗinke ta. Na san tabon matan ƙauyuka da yawa, na san wadda aka yi wa aiki da wadda ta ƙone, ban san na bayan 'yar cikina ba. Na ci gaba da cuɗawa, na ce ɗinkin ya yi kyau.

Mun wuce rabin arba'in ban taka ƙofar gida ba. Har na fara taƙama.

Ranar da abin ya faru, hantsi bai gama ɗagawa ba. Ruwa na kan wuta ya fara motsi, Rakiya ta yi ɗaurin ƙirji tana jira, Gwaggo na gindin mangwaro. Sai na ji babur ya tsaya da ƙarfi. Na ji Malam ya fara, “Sista ta yi taf…” bai ƙarasa ba. Sai ga shi da kansa ya shigo, hula a hannu, ya ce, “Habiba, fito.” Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Mutum uku ne a kan babur ɗaya, daga wajen Kutemeshi, jikinsu duk jar ƙasa. Saurayi a gaba, matarsa a tsakiya, uwarsa a baya ta rungume ta don kar ta faɗo. Tsohuwar na ganina ta ce, “Sista, ga Habibunki, ke kika cire shi. Matar ce, tun jiya.” Ba su san kowa a asibiti ba, ni suka sani, shi ya sa suka yo gidan. Na duba yarinyar, kai ya riga ya sauko, ko bakin titi ba za ta kai ba.

Ɗakinki muka shigar da ita, ki yafe mana. A kan tabarmarki ta haihu, namiji, ya canyara kuka. Gwaggo Lami ce ta riƙe mata kafaɗu tana salati, kuma ki shaida, da na ce a miƙo ruwan ɗumi ba ta yi gardamar zafinsa ba. Rakiya na tsaye a bakin ƙofa da ɗaurin ƙirjinta, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. A raina na ce alhamdulillahi, an gama, kuma ban fita ba.

Sai jini ya ɓalle.

Ke kin haihu, kin san irin wanda nake nufi. Na yi duk abin da hannu zai iya a ɗaki, bai tsaya ba. Idon yarinyar ya fara juyewa. Wannan sai asibiti, sai ƙarin ruwa da ƙarin jini, kuma dole wani ya danne mata mara duk tsawon hanya, wanda ya san inda ake dannewa. Malam ya tare Keke Napep a bakin titi. Na ɗago na dubi Rakiya. Ta bayanta ina hango tukunyar tana tafasa, murfin yana rawa. Na shiga Keken da silifas ɗin banɗaki da zani mai warin hayaƙi, hannuna a cikin 'yar mutane.

Rifkatu na ganina ta ce, “Ba na ce kar in ga…” sai idonta ya sauka a kan zanin. Ba ta ƙarasa ba, ta ruga ta ɗauko ruwa da allura. Habibu ya ba da jini, ya tashi zai nuna jarumta ya zube a ƙasa, sai da muka yi jinyar mutum biyu. Ban bar gefen gadon ba sai da yarinyar ta buɗe ido ta tambayi ina ɗankwalinta. Duk macen da ta fara neman ɗankwali ta dawo duniya. Lokacin an yi la'asar.

Ban hau komai ba, da ƙafa na dawo, kuma ban taɓa tafiya a hankali irin ta ranar ba. Ina ta shirya yadda zan tarar da ɗakin: an naɗe katifa, an kwashe kayan jaririya, sai ƙamshin turaren wuta. Har na tsara abin da zan ce wa mutane, cewa gidan Gwaggo ya fi iska. Na ce a raina, shi ke nan Habiba, kin ceto ta wani kin rasa taki, sai ki je takwarorinki su yi miki 'ya'ya. Na ji haushin aikin nan ranar, Inna, haushi na gaske. Da farar rigar na jikina da na tuɓe ta na jefa a kwata.

Malam na zaure, ya ƙura wa rediyo ido kamar talabijin. Na shiga. Tukunya na nan a kan murhu, wuta ta mutu. Gwaggo Lami na zaune a gindin mangwaro da damin ganye a hannu, ya yi yaushi, fuskar nan tata a murtuke. Ta ce, “Kin dawo? To zo ki ji da 'yarki. Tun safe nake hura wutar nan tana mutuwa. Na ce ta zo in yi mata wanka ta ƙi. Na ce ta tashi mu tafi, ai sharaɗi ya cika, ta ce ba inda za ta. Taurin kan nan ba a danginmu ta samo shi ba.”

Na ɗaga labule. Tana zaune a bakin gado, har yanzu da ɗaurin ƙirjin safe, ta yafa mayafi. Jarirai biyu a kwance a gefenta, ke da baƙon da aka bari a cikin gaggawa, ta naɗe shi a cikin sabon tawul ɗinki. Kakarsa na ƙasa tana gyangyaɗi. Na tsaya kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

Rakiya ta ce, “Matar ta tashi?” Na ce ta tashi.

Ta gyara wa yaron tawul. Can ta ce, “Inna takan ce aronki ake yi. Ina jin haushin maganar nan, don ban taɓa ganin masu aron ba. Na ɗauka can ɗin kika fi so. Yau na gan su.”

Sai ta ɗago ta ce, “Umma, ruwan ya huce fa. Ki sake hurawa.”

Inna, kin ji abin da ta ce? Na fita na durƙusa gaban murhu, da gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, ina hura wuta ina share ido. Gwaggo ta ce lafiya? Na ce hayaƙi ne. Ta ce, “Wutar da ba ta kama ba ce take hayaƙi?” Sannan ta matso ta tura mini itace, kuma ranar ban zare ba.

Matar Habibu ta warke ta koma gida. Shi kuwa tun daga ranar ya ɗora wa kansa kawo itace. Duk ranar kasuwa sai ga shi da dami a bayan babur, na ce ya isa, ya ce bai isa ba. Yanzu itacen da ke bayan ɗakinki zai yi jegon unguwa guda. Yaron kuma ba sai na gaya miki sunan da aka sa masa ba. Habibu ɗan Habibu. Na ce ku ji tsoron Allah, sunaye sun ƙare ne a Kutemeshi?

Rakiya ta cika arba'in a gidan uwarta, ta yi kyau, ta yi ƙiba, ba kanwa ko ƙwaya ɗaya, sai dai in Gwaggo ta yi nasara a bayan idona. Ta koma Zariya. Ba zan yi miki ƙarya ba, in na ɓata mata rai a waya, Sistar takan dawo. Tabon nan ma yana nan a bayanta, ba wankan da zai goge shi. Amma ta ce in lokacin yaye ya yi, nan za ta kawo ki. Ta ƙara da cewa, “In ba a are ki ba.” Tana dariya ta faɗa, ni ma na yi dariyar, amma na riga na gaya wa Rifkatu ta fara shiri.

To kin ji, Inna, kuma na san 'yan matan da ke laɓe sun ji. Ban san ko aikin ya kai wahalarsa ba. In na tashi da safe bayana ya riƙe, sai in ce bai kai ba. In na tuna yarinyar nan tana neman ɗankwalinta, sai in ce ya kai har ya wuce. Abin da na sani kawai, ba ni kaɗai na biya ba. Ke kin biya, Rakiya ta biya tun ba ta san ana biya ba, ba kuma wanda ya tambaye ku. Duk wadda za ta shiga, ta fara duba gidansu ta ga ko akwai mai irin hannunki, wadda za ta ɓamɓare 'yan yatsu daga gefen riga ba tare da ta sa yaro ya tsani mai rigar ba. Ni na samu. Ban taɓa ce miki na gode ba, kullum ina sauri.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya saka miki da gidan Aljanna saboda riƙon da kika yi. Allah ya raya takwararki a kan halinki, ya rage mata murya kaɗan. Allah ya zaunar da dajinmu da hanyoyinmu lafiya, ya sauki duk mai ciki lafiya, in da hali ba a ƙofar gidana ba.

Shekara da shekaru kina yi wa yarinyar nan alkawari za a dawo da ni. Ba ki yi mata ƙarya ba. An dawo da aron, Inna, sai dai an makara, ba ki nan balle ki karɓa.

Taki har kullum,
'yarki Habiba,
Umman Rakiya.